Godiya bayan kwana tara a asibiti

Alhamdu lillahi, jiya aka sallamo mu. Ɗana mai shekara 6 ya shigo gida da ƙafarsa.

Ga masu tambayar abin da ya same shi, macijin ciki ne. Ya yi watanni yana ramewa, ciki na kumbura, ni kuwa na ɗauka ƙin cin abinci ne irin na yara. Sai daren da ya kwana yana murƙususu. Da asuba ya yi amai, na duba cikin roba na ga tsutsa ta fi tafin hannuna tsawo, tana motsi. Har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Hoton ciki ya nuna tsutsotsin sun dunƙule, sun fara toshe hanji. Ina kuka ina roƙon a ba shi magani nan take. Likitar ta kama hannuna ta ce, "Maman yaro, ki yi haƙuri. In suka mutu a dunƙule yanzu, toshewar na iya ƙaruwa." Aka sa masa ƙarin ruwa, aka zura roba ta hanci zuwa ciki, aka hana shi ci. Sai da hanjin ya saki aka ba shi albendazole, ƙwaya ɗaya mai miligiram 400, ya tauna. Maganin yana hana tsutsar shan sukarin da take rayuwa da shi, ta mutu a hankali, ta fita ta bayan gida. Ba a kai ga tiyata ba. Likita, haƙurin nan da kika sa ni na yi, ban da bakin gode miki. Allah ya saka da alheri.

Na gode wa ma'aikacin ɗakin gwaji da ya zaunar da ni ya ce macen tsutsar nan tana zuba ƙwai kusan 200,000 a rana, kuma maganin ba ya hana sake kamuwa. Shi ya sa duk gidan muka sha, muka kuma dage da wanke hannu da sabulu.

Ma'aikatan jinya na dare, maƙwabcinmu da ya ɗauke mu a motarsa tun gari bai waye ba, Yaya da ta riƙe min ƙannensa, da duk wanda ya kira ko ya yi addu'a, Allah ya bar zumunci.

Nan da mako uku za mu koma a sake gwada bayan gidansa. A ci gaba da sa mu a addu'a.