Baurin Cahors da balangun Garwa

Kawuna ya taso daga Duwala, a kudancin Kamaru, da kwalba guda naɗe cikin tsohon zane. Jirgin ƙasa ya sauke shi a Gaundare, mota ta ƙaraso da shi Garwa, ya ce ba mai taɓa ta sai daren Ista. Gidanmu na Kirista ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, don haka irin wannan abu a tsakar gida muke yin sa, ba a ƙofar gida ba. Mutunci ne da muka gada.

Jar giyar inabi ce ta Cahors, wani gari a bakin kogin Lot, kudu maso yammacin Faransa. Dokarsu ta ce aƙalla kashi 70 cikin 100 na inabin ya zama nau'in da ake kira Malbec, kuma tun da can ana yi mata laƙabi da baƙar giya. Sunan ya bi jiki. Da Kawu ya tsiyaya na ɗaga kofin saitin fitila, ban hango yatsana ta ciki ba, kamar zoɓon da aka jiƙa ya kwana.

Kurɓar farko ba ta yi mini daɗi ba. Watan Afrilu ne, da rana zafi ya haura digiri 40, kwalbar ta yini a ɗaki. Ƙarfin barasarta kashi 14 cikin 100 ne a rubuce, shi kaɗai ya daki hancina. Kawu ya ce, "Ɗana, haƙuri. Wannan sanyin digiri 16 zuwa 18 take so." Ya tsoma ta a bokitin ruwa da ƙanƙara kamar minti ashirin. Da ta huce sai ƙanshin ya fito: ɗinya nunanniya, da ɗan hayaƙi a bayanta. Na tuna bishiyar ɗinyar da muke jifa muna yara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne baurinta. Duk wanda ya taɓa tauna goro, ko ya sha shayin da ya daɗe a kan gawayi, ya san yadda harshe ke bushewa, dasashi ya ɗaure. Wannan baurin daga ɓawon inabi da 'ya'yansa yake fitowa, don tare da su ake barin ruwan ya tsima. Yana kama yawun baki ne, shi ya sa santsin baki ke gushewa. In ya samu nama da kitse sai ya kama su, ya sakar maka harshe.

Abinci uku ne a tabarma. Na fara da kilishi, don na ɗauka shi ne abokinta. Ashe ba haka ba ne: barkono ya haɗu da ƙarfin giyar, bakina ya ɗau wuta, ɗinyar ta ɓace ɓat. Sai giwan ruwa na tafkin Lagdo da Mama ta gasa, kifin da ba ni da kamarsa, amma da na kora da ita sai ƙarni ya taso, kamar na lashi ƙusa. Na ji ba daɗi ƙwarai, don Mama tun la'asar take kansa. Na ture kofin gefe na cinye kifina da ruwa.

Balangun rago ne ya raba gardama. Kawu da kansa ya tsaya wurin mai nama ya ce a ƙulle yajin daban, gishiri da albasa kawai. Na ɗauki tsoka mai kitse a gefe, tana turiri, na tauna sosai, sannan na kurɓa. Baurin ya kwanta lakwas, maiƙon da ya lulluɓe bakina ya wanke, naman ya ƙara garɗi, har na miƙa hannu na ɗauki wata tsokar ban sani ba.

Kofi ɗaya Kawu ya ba kowa, ya mayar da toshiya. Ya ce ragowar ta gobe ce, Mama za ta yi farfesun jelar sa, kuma ya roƙe ta ta rage attaruhu.