Wanda Ya Jira Ƙara Ya Makara

Ɗaukar hoton kogin ƙanƙara, wato tarin ƙanƙarar da ke gangarowa a hankali daga tudu, lokacin da yake ɓallewa aikin ido ne, kunne ba shi da rabo a ciki. Na koyi haka ne a gaban Eqi, kogin ƙanƙarar da ke kimanin kilomita 80 arewa da garin Ilulissat a yammacin Girinland, inda jirage ke kashe inji su yi ta jira wani yanki na bangon ƙanƙarar da ke bakin ruwa ya rufto cikin teku. Sauti yana cin mita 330 ne kacal a sakan ɗaya. In jirgi na nesa da bangon da kilomita guda, sai bayan sakan uku rugugin zai iso kamar aradu. Kafin mutum ya waiga an gama, sai kumfa da farin ƙura.

Matuƙin jirginmu ɗan yankin ne, kuma shi ya nuna mini inda ake ajiye ido. Wurin da gutsattsari ke ta zubowa kaɗan-kaɗan, ko inda ruwa ya ci gindin bangon har samansa ya leƙo, nan ake saita kyamara a ƙi ɗagawa, ko da an kira abinci. Wurin da ya yi shuɗi fes kuwa bai daɗe da ɓallewa ba. Tsohuwar ƙanƙara ce da nauyi ya matse har iskar cikinta ta yi ƙaranci.

Sauran dabarun ba su da wuya. Farin ƙanƙara yana ruɗin kyamara ta mayar da shi toka-toka, sai an ƙara mata haske da hannu. Sandar kafa kyamara ba ta da amfani a kan jirgin da ke rawa. Batir kuma aljihun ciki ake sa shi, don sanyi na shanye shi nan da nan.

Tazara ce na fi ɗauka da muhimmanci, domin mai ɗaukar hoto kullum so yake a matsa gaba. A Svalbard, tsibiran Norwe, shawarar masana ita ce kada jirgi ya kusanci bangon ƙasa da mita 200. A 2007 wani jirgin yawon buɗe ido ya matsa kusa a mashigin Hornsund, ƙanƙara ta rufto, fasinjoji da dama suka ji rauni. Ba abin da ke faɗowa daga sama ne kaɗai haɗari ba. Igiyar ruwan da ke biyo baya tana iya kifar da ƙaramin jirgi, wani lokacin kuma ƙanƙarar daga ƙarƙashin ruwa take ɓallewa ta taso ba sallama.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rubutun da ake sawa ƙarƙashin hoton. Editoci na son a ce ga sauyin yanayi nan a fili. To amma kogin ƙanƙarar da ya kai bakin teku dama can ɓallewa yake yi. Hoto ɗaya ba ya tabbatar da komai. Hujjar tana cikin awo na shekaru: tun 2002 taurarin ɗan Adam ke nuna cewa Girinland na asarar kusan tan biliyan 270 na ƙanƙara duk shekara. Ko Sermeq Kujalleq, babban kogin da ke cika mashigin Ilulissat da tsaunukan ƙanƙara, ya ɗan ƙara kauri tsakanin 2016 da 2019 da ruwan tekun wurin ya yi sanyi, alhali asarar tsibirin gaba ɗaya ba ta tsaya ba.

Shi ya sa duk hoton da zan tura sai na rubuta sunan kogin, rana, da inda jirgin ya tsaya, don mai bincike ya iya kwatanta shi da wanda wani zai ɗauka a wurin nan da shekara ashirin.