Tiyo Ne Ke Zaɓar Mahaɗinsa

A cikin dukan kayan da na tara lokacin da na yanke shawarar sanyaya kwamfutar aikina da ruwa, babu wanda na raina kamar mahaɗan tiyo, kuma babu wanda ya ɓata mini lokaci kamar su. Na shafe makonni ina kwatanta famfon tura ruwa da ɗan'uwansa, lagireto da lagireto, ina duba farantin da ruwa ke ratsawa ya ɗauke zafi, wanda zai zauna a kan furosesa, da wanda zai rufe katin hoto, amma a daren da zan biya kuɗi sai na ƙara mahaɗai takwas a kan odar cikin ƴan mintuna, ba don komai ba sai don baƙaƙe ne kuma sun dace da launin akwatin. Bayan mako uku kayan suka iso Kano. Tiyon ya hau hancin mahaɗin daram, amma zoben da ake murɗawa a kansa ya ƙi wucewa, domin tiyon 10/16 ne, wato faɗin cikinsa milimita 10, na wajensa 16, mahaɗan kuwa na 10/13 ne. Mai sayarwa bai yi kuskure ba, abin da na nema shi ya aiko, kuma an rubuta lambobin ɓaro-ɓaro a jikin leda. Na sake zaman jira na wasu makonni, kwamfuta a kwance a buɗe a kan tebur.

Kowane mahaɗi yana da kai biyu, kuma kowane kai da tasa ƙa'idar. Kai na farko shi ne mai zare, wanda ake murɗawa cikin ramin lagireto ko na famfo ko na faranti. A nan an huta, domin kusan dukan kamfanonin da ke wannan sana'a, daga EKWB na Sulobeniya da Alphacool da Aqua Computer na Jamus har zuwa Bitspower na Taiwan da Barrow da Bykski na Sin, sun tsaya a kan zare guda da ake rubutawa G1/4. Asalinsa zaren bututu ne na Ingila, wanda ya samo siffarsa daga tsarin da Joseph Whitworth ya fitar a 1841, yana da layi 19 a kowane inci, kuma faɗinsa bai canzawa daga baki har gindi. Sunan yana ruɗar mutane: wanda ya ji rubu'in inci zai sa ran ganin abu mai faɗin milimita shida da ɗoriya, alhali idan aka auna zaren daga waje ya ɗan haura milimita 13.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta game da wannan kai shi ne cewa zaren ba shi ne ke hana ruwa fita ba. Aikinsa kawai ya riƙe mahaɗin a wurinsa, ya kuma danne wani ɗan zoben roba da ke zaune a gindin zaren. Wannan zobe shi ne mai gadin ruwa. Mu da muka saba ganin mai gyaran famfon gida yana naɗa farin tef a zare sannan ya sa sifana ya ɗaure har sai ya yi nishi, dole mu ajiye wannan ɗabi'a a waje. Tef ba shi da amfani a nan, hasali ma guntayensa na iya ɓallewa su bi ruwa su toshe siraran hanyoyin da ke cikin faranti. Ɗaurin hannu ya wadatar, a murɗa har a ji robar ta zauna, sannan a ƙara kaɗan. Yawancin murafan faranti da tankuna an yi su ne da akirilik, wannan robar mai haske kamar gilashi, kuma idan aka sa filaya aka matse fiye da kima sai wata siririyar tsaga ta taso daga bakin ramin, wadda ba lallai a gan ta a ranar ba, sai bayan watanni zafi da sanyi sun buɗe ta. Akwai kuma batun tsawon zaren kansa: idan ya yi wa ramin tsawo, zai tokare a ƙasa kafin zoben roba ya zauna, mutum yana jin ya ɗaure tam alhali ruwa na da hanya.

Lokacin da nake jiran oda ta biyu, na yi tunanin in shiga Ƙofar Ruwa in nemo madadin, tunda masu kayan famfo da masu kayan injin hura iska ba su rasa mahaɗan tagulla masu rubu'in inci. Abin da ya hana ni shi ne zaren rubu'in inci ba iri ɗaya ba ne. Akwai na Amurka da ake kira NPT, mai layi 18 a inci, wanda yake tsukewa zuwa baki kamar turke, kuma a na Ingila ma akwai mai tsukewa. Irin waɗannan da matsi suke toshe ruwa, ba da roba ba. A ido duk kamar ɗaya suke, har suna iya shiga zagaye biyu ko uku lafiya, amma idan aka ci gaba da murɗawa a ramin akirilik, turke ne ake bugawa cikin gilashi.

Kai na biyu, wanda ke riƙe tiyo, nan ne ake tafka asara, kuma nan ne ya sa nake cewa tiyo ake fara zaɓa kafin a dubi mahaɗi ko ɗaya. Tiyo mai laushi yana da lambobi biyu: faɗin cikinsa da faɗin wajensa. Waɗanda suka fi yawa a kasuwa su ne 10/13 da 10/16 da 12/16 da 13/19. Mahaɗi mafi sauƙi hanci ne kawai mai tudu, a tura tiyo a kansa a ɗaure da kilif, kuma shi ruwansa da faɗin ciki kaɗai. Yana da arha, yana da aminci idan an sa kilif ɗin, kuma da shi aka fara wannan harka tun kafin ta zama ado. Na biyu shi ne mai zoben matsi, wanda yake da hancin a ciki da kuma zoben ƙarfe da ake murɗawa daga sama ya matse tiyon a tsakani. Wannan yana buƙatar lambobin biyu su dace: hancin ya dace da ciki, zoben ya dace da waje. Idan tiyon ya fi zoben kauri, zoben ba zai wuce ba, kamar yadda ya faru da ni. Wannan ma da sauƙi, domin kuskuren ya nuna kansa nan take. Mafi haɗari shi ne akasin haka, a sa tiyon 10/13 a mahaɗin 10/16, zoben ya murɗu har ƙarshe ba tare da ya matse komai ba, a duba a ga komai ya yi kyau, sai ranar da ruwa ya yi zafi tiyon ya yi laushi ya zame.

Su kansu lambobin ba cikakku ba ne, domin yawancinsu fassara ce daga inci. Abin da ake kira 10/16 sau da yawa 3/8 ne da 5/8 na inci, wato milimita 9.5 da 15.9, kuma 13/19 rabin inci ne da 3/4, wato 12.7 da 19.05. A tiyo mai laushi wannan ɗan bambanci ba ya damun kowa, saboda roba tana miƙewa ta cike gurbi. Ni dai na tsaya a kan 10/16 ne saboda kaurin bangonsa, milimita uku, ninki biyu na bangon 10/13, kuma wannan kauri ne ke hana shi karyewa ya toshe idan aka lanƙwasa shi a kwana mai tsauri. Masu son 13/19 suna cewa ruwa ya fi gudu a cikinsa, amma a irin ƙarfin famfunan da aka saba sa wa kwamfuta, wato D5 ko DDC, bambancin da ake gani a ma'aunin zafi bai kai a yi jayayya a kansa ba, kuma mahaɗansa suna da faɗi ƙwarai, ta yadda a wasu farantan furosesa da ramukansu ke kusa da juna guda biyu ba za su zauna kafaɗa da kafaɗa ba.

Bututu mai tauri kuwa wani lissafi ne daban. Mahaɗinsa ba shi da hanci ko kaɗan. Ana cusa bututun ne cikin rami, zoben roba biyu ko uku su kama shi daga waje, saboda haka faɗin waje kaɗai ake dubawa: milimita 12 ko 14 ko 16. A nan ne bambancin inci da milimita ke zama babbar magana, domin akwai bututun rabin inci, 12.7, wanda wasu ke sayarwa da sunan 13, kuma ba zai shiga mahaɗin 12 ba, kamar yadda bututun 12 zai yi lako-lako a mahaɗin rabin inci. Wanda zai bi wannan hanya ya kamata ya sayi bututu da mahaɗi daga kamfani ɗaya, ya kuma mallaki ma'aunin kauri irin na masu aikin ƙira, ya auna da hannunsa. Bayan yanka bututu wajibi ne a goge bakinsa ya yi santsi, in ba haka ba kaifin zai yanki zoben roba a lokacin shiga, kuma yankan ba ya ganuwa daga waje.

Akwai dalilin da ya sa na guji bututu mai tauri na robar da ake kira PETG, kuma dalilin ya shafi inda nake zaune. Lagireto ba ya iya sauke zafin ruwa ƙasa da zafin iskar ɗakin da yake ciki. A watan Afrilu a Kano, idan babu wutar da za ta ja na'urar sanyaya ɗaki, zafin ɗaki na iya kusantar digiri 40, kuma idan kwamfuta ta ɗauki aiki mai nauyi ruwan zai haura wannan da digiri goma ko fiye. PETG ya fi akirilik saurin yin laushi, shi ya sa ake son sa wajen lanƙwasawa, amma wannan sauƙin shi ne rauninsa: a ruwa mai zafi bakinsa da ke cikin matsin mahaɗi yana iya tsukewa sannu a hankali har riƙon ya saki. Yawancin shawarwarin da ake karantawa a intanet mutanen da ɗakunansu ke kan digiri ashirin da ɗoriya ne suka rubuta su. Na zaɓi baƙin tiyon roba na EPDM, wanda ba ya nuna launin ruwa kuma ba ya burge baƙo, amma yana jure zafi, kuma ba ya sakin wannan farin maiƙon da tiyon PVC mai haske ke saki cikin ruwa idan ya daɗe.

Game da ƙarfen da aka yi mahaɗi da shi, ƙa'idar gajera ce. Yawancin farantai jan ƙarfe ne, lagireto jan ƙarfe da tagulla, mahaɗai kuwa tagulla ce da aka lulluɓe da nikel ko fenti, kuma waɗannan suna zaman lafiya da juna a ruwa ɗaya. Alminiyam ne baƙo a cikinsu. Idan ya haɗu da jan ƙarfe a ruwa guda, sai su zama kamar batir, alminiyam ɗin ya riƙa zaizayewa, ɓurɓushinsa ya taru a faranti. Akwai cikakkun saiti da aka yi da alminiyam zalla kuma suna aiki, matuƙar ba a cusa musu tagulla ba. Idan mahaɗi ya yi arha fiye da hankali kuma ya yi sakayau a hannu, ya kamata a tambayi abin da ke ƙarƙashin fentin.

Lissafin adadi yana farawa da biyu ga kowane abu da ruwa ke ratsawa, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Farantin furosesa da na katin hoto da lagireto ɗaya da famfo mai haɗe da tanki sun ba da takwas. Amma takwas ɗin nan a takarda ne kawai suke isa. Da na kwantar da kayan a cikin akwati na bi hanyar da igiya, sai na ga ramin lagireto yana kallon fanka kai tsaye, dole sai da gwiwa mai digiri 90, kuma tsakanin katin hoto da famfo sai da mai digiri 45. Masu juyawa daga cikin waɗannan gwiwoyi suna sauƙaƙa aiki sosai, sai dai kowane wurin juyi yana da nasa zoben roba a ciki, kuma idan tiyo mai kauri yana jan sa ta gefe dare da rana, nan ne yoyo ya fi son farawa. Saboda haka ina sa su inda babu makawa ne kawai, kuma ina yanka tiyo da ɗan rara don kada ya zama cikin ja. Abin da masu farawa suka fi mantawa shi ne hanyar zubar da ruwa: mahaɗi mai baki uku da ɗan bawul a wuri mafi ƙasa, da murfi a bakin bawul ɗin. A garin da ƙurar hunturu ke cika haƙoran lagireto kowace shekara har sai an ciro shi an wanke, wanda bai sa bawul ba zai riƙa karkata akwati mai nauyi a kan bokiti yana addu'a.

Ban ga dalilin sayen mafi tsada ba, domin bambancin kuɗi tsakanin kamfanoni yawanci a kyawun fenti da laushin murɗawa yake. Abin da na ga ya cancanci kuɗi shi ne rara. A oda ta biyu na ƙara mahaɗai biyu a kan lissafi, da gwiwa ɗaya, da murafan toshe rami guda biyu, da ƙaramar ledar zoben roba, tunda babu shagon da zan taka in sayo guda ɗaya idan ta ɓace a ƙarƙashin tebur.

Da na gama haɗawa, ban zuba ruwa nan take ba. Na sa ɗan famfon gwaji na hura iska har allurar ma'aunin matsin iska ta kai kusan 0.5 a awon "bar", na bar shi minti goma sha biyar, sai na ga allurar tana sauka a hankali. Na bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya har na iso kan murfin da ke bayan farantin katin hoto, wanda ban taɓa shi ba tun da ya zo a kwali, na same shi bai kai ƙarshen zarensa ba. Rabin murɗi da yatsa biyu ya tsayar da allurar. Daga nan na cika tanki, na cire wuta daga babban allon kwamfutar da katin hoto, na bar famfo kaɗai yana juyawa, na shimfiɗa farar takardar tishu a ƙarƙashin kowane mahaɗi, na bar shi ya kwana a kan inbata. Da asuba na haska fitila na ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya, goma sha huɗu ne, kuma dukansu a bushe suke.