Wasiƙa daga Berlin zuwa ga masu tambayar sintasaiza

Assalamu alaikum 'yan'uwa, manya da ƙanana. Ina fata kowa yana lafiya, a gaida iyali. Zan taƙaita gaisuwa domin tambayoyinku sun taru, kuma kusan duk hanya ɗaya suka bi: wane sintasaiza (injin kiɗa mai haɗa sauti da lantarki) za a saya, me ya sa wanda aka saya ba ya ba da amon da aka ji a bidiyon gwaji, yaya ake haɗa injin ganga da fiyano su tafi tare ba tare da ɗaya ya tsere wa ɗaya ba. Wasu sun tambayi hanyar haɗa sauti da ake kira FM, wasu sun tambayi yanka sauti a mayar da shi kiɗa. Zan taɓa mafi yawansu in Allah ya yarda, amma sai na fara da abin da ba wanda ya tambaya, wato sanyi.

A watan Janairu ma'aunin zafi a garin nan yana yawo ne kusa da sifili, wani lokaci ƙasa da haka. Mutum ya sa riga uku ya jure. Injin analog, wato wanda ke haɗa sauti da lantarki kai tsaye ba da lissafin kwamfuta ba, ba ya jurewa. Abin da ke haifar da murya a cikinsa shi ne osileta, irin da ake rubutawa VCO, wadda ƙarfin lantarki ke gaya mata inda za ta tsaya. Ƙa'idar da yawancin injuna ke bi tun zamanin Robert Moog, sanannen mai ƙera sintasaiza, ita ce bolt 1 ga kowane oktef: ka ƙara bolt 1, yawan kaɗawar sautin ya ninka biyu, daga 220 Hz zuwa 440 Hz. Tunda madannai 12 ne a oktef, tsakanin madanni da na kusa da shi bolt 0.083 ne kacal. To, aikin mayar da wannan ɗan lantarkin zuwa murya transista ne ke yin sa, shi kuwa transista halinsa yana sauyawa da zafi, kusan kashi 0.33 cikin 100 ga kowane digiri. Masu ƙira sun san da haka, shi ya sa suke manna masa wani resisto mai sauyawa da zafi don ya rama, wasu ma suna sa ɗan abin ɗumama a cikin guntun da transistan yake don zafinsa ya tsaya wuri ɗaya. Duk da haka ramuwar ba ta cika sai cikin injin ya ɗumama ya daidaita. Kamar fatar ganga ce da ta kwana a raɓa, sai an ɗumama ta kafin ta ba da muryarta.

Ɓarnar iri biyu ce, kuma mutane sun fi lura da ta farko. Ta farko, muryar gaba ɗaya ta sauka ko ta hau, wannan da maɓallin saiti ake gyara ta. Ta biyu ta fi cin rai: faɗin oktef ɗin ne ke sauyawa, sai ka ga madannan ƙasa daidai, na sama kuma sun karkace, ko ka gyara na sama na ƙasa su ɓaci. Idan inji ya yi haka a minti biyar na farko, kada ka taɓa komai. Ka bar shi a kunne minti 20 zuwa 30. Idan bayan nan bai daina ba, to saitin faɗin ne ya goce. Ana sa ma'aunin murya, a danna madannin muryar A ta ƙasa a daidaita ta a 110 Hz, a hau oktef uku a duba ko ta ba da 880 Hz, a murɗa ɗan sukurin faɗi kaɗan, a dawo ƙasa a sake daidaitawa, a sake hawa. Sai an yi ta kai da komo domin kowane gyara yana taɓa ɗan'uwansa. Idan sukurin yana cikin akwatin da wutar soket ke shiga kai tsaye, a kai wa mai gyara.

Ba a nan sanyin ya tsaya ba. Injin da ya kwana a bayan mota, aka shigo da shi ɗakin wasa mai ɗumi da numfashin jama'a, nan take yake yin gumi, ciki da waje. Wanda ya kunna shi a haka ya sa wuta a kan allon da ke da danshi. Abin da masu sana'ar nan ke yi shi ne su bar shi a rufe cikin jakarsa awa ɗaya ko biyu, ya ɗau zafin ɗakin a hankali, sannan a buɗe, sannan a kunna, sannan a jira wancan rabin awar. Ku lissafa da kanku ƙarfe nawa mai wasan ƙarfe tara zai iso. Gilashin rubutu na injunan dijital ma yana yin nauyi a sanyi, wayoyi su sandare su ƙi naɗuwa, batir ya mutu da wuri.

Ku da ke fama da zafi kada ku ce wannan ba naku ba ne, domin ba sanyin ne matsalar ba, sauyin ne. Fitilar dandamali da ke haska inji, iskar na'urar sanyaya ɗaki da ke busa masa kai tsaye, rana da ta shigo ta taga, duk abu ɗaya suke yi. Zafi kuma yana da tasa ɓarnar ta dogon lokaci: kafasitocin da ke da ruwan sinadari a ciki, ƙiyasin da injiniyoyi ke amfani da shi shi ne kowane ƙarin digiri 10 yana raba tsawon ransu biyu. A bar ramukan iska a buɗe, kada a ɗora inji a kan amfilifaya, a rufe shi da ƙyalle bayan an kashe saboda ƙura. Wanda ba shi da haƙurin jira, ya nemi inji mai DCO, irin tsarin Roland Juno-60 na 1982, inda agogon dijital ke riƙe murya amma sautin ya fito ta hanyar analog, ko ya tafi dijital gaba ɗaya. Ba abin kunya ba ne, kuma a cikin taron kiɗa kaɗan ne kunnen da zai bambance.

Abu na biyu da ke ɗaure kai a nan shi ne takardu. Tun 2021, bayan Birtaniya ta kammala ficewa daga Tarayyar Turai, ƙungiyar da za ta ɗauki kayan kiɗa a mota daga nan zuwa Landan ta dawo da su galibi tana buƙatar takardar kwastan da ake kira ATA Carnet. A ciki ana jera kaya ɗaya bayan ɗaya, da lambar da ke jikinsu, da nauyi, da ƙima, da ƙasar da aka ƙera su. Ana buga hatimi a fita, a shiga, a sake fita, a sake shiga, kuma shekara ɗaya take aiki. Hatimi ɗaya ya ɓace, ana iya ɗauka ka sayar da kayan a can, a nemi haraji. Ku yi tunanin mai akwatin modula, wato sintasaizar da ake harhaɗawa guntu-guntu, da guntaye talatin a ciki. Duk da ɓacin ran, ɗabi'ar tana da amfani ko ga wanda ba zai ƙetare iyaka ba: takarda ɗaya mai sunan kowane inji da lambarsa da hotonsa da irin adaftarsa. Ranar da kaya suka cakuɗe bayan wasa za a gane darajarta.

Yanzu batun bidiyon gwaji. A Superbooth, baje kolin injunan kiɗa da aka saba yi a Berlin a watan Mayu, za ka iya sa hedifon ka ji inji tsirara, kuma sau da yawa ba shi ne abin da ke intanet ba. Mai gwaji yakan bi da sautin ta na'urar amsa-kuwwa, da mai maimaita sauti, da mai kauraro shi, sannan ya matse shi ya ƙara masa ƙarfi. Rabin abin da ya burge ka daga waɗannan yake. Gwajin kirki yana faɗa a fili ko an ƙara wani abu, kuma yana nuna abu uku: osileta ita kaɗai da filta (matatar da ke rage kaifin sauti) a buɗe, filta ana rufe ta a hankali da resonans (maɓallin da ke ƙara amo a daidai inda filta ke yankewa) a ƙasa sannan a sama, da kuma saurin da sauti ke tashi ya mutu idan an mayar da lokutan zuwa mafi gajarta. Bidiyon da ya wuce waɗannan ya tafi jera sautukan da kamfani ya ajiye, talla ce. Kuma kada a yanke hukuncin bes da lasifikar wayar hannu, ba ta fitar da ƙasan sauti.

Ga wanda ke da inji a gabansa yana cewa ba ya ba da komai, gwada wannan. Osileta ta farko a kan zubin haƙorin zarto, ta biyu a kan zubi mai kusurwa huɗu, oktef ɗaya a ƙasa. Rufe filta har sautin ya dusashe, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na murɗawa, resonans kaɗan. A ADSR na filta, wato maɓallai huɗu na tashi, sauka, tsayawa da saki, tashi a sifili, sauka wajen milisakan 200 zuwa 300, tsayawa a ƙasa sosai, saki gajere, sannan ka ƙara yawan tasirinsa a kan filta har kowane danni ya buɗe baki ya rufe. Bes ke nan. Idan kana jin ƙas a farkon kowace murya, tashin ya yi kaifi, ƙara masa milisakan 2 zuwa 5. Idan ka ɗaga resonans nauyin ya gudu, ba lalacewa ba ce, halin filtar Moog mai 24 dB ne da masu kwaikwayonta. Idan ka karkatar da osileta biyu kaɗan don kauri, a sama yana da daɗi, amma a bes sai ƙarfin ya riƙa zuwa yana tafiya saboda suna soke juna. Kada kuma a sa wa bes amsa-kuwwa mai tsawo, cakuɗa komai yake yi. Mai son ɗaukar nasa gwajin ya fitar da sauti ta waya zuwa katin sauti, a 48 kHz da bit 24, ƙololuwa tsakanin -12 da -6 dB, ya tafa hannu sau ɗaya a farko don haɗa hoto da sauti daga baya.

Wuta kuwa ita ke kashe inji fiye da komai. Turai bolt 230 ce, Amurka 120, Japan 100. Tsohon inji da aka yi wa kasuwar Amurka ko Japan, in ba a rubuta 100–240V a bayansa ba, sai da taransifoma. Adafta abu huɗu ake dubawa: yawan bolt, AC ce ko DC, tsakiyar bakinta tabbatacce ne ko korau, da yawan miliamf, wanda zai iya fin abin da inji ke nema amma kada ya gaza. Fedalolin Boss bolt 9 ne da korau a tsakiya, jerin Korg Volca ma bolt 9 ne amma da tabbatacce a tsakiya. Lamba ɗaya, hali daban. A tsarin akwatin modula na Eurorack, wanda Dieter Doepfer ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1990, jan layin da ke gefen faffaɗar waya yana fuskantar -12V, kuma juya shi na iya ƙona guntu cikin ƙiftawar ido. A tara abin da guntayen ke ja, kada ya wuce kashi 70 zuwa 80 na ƙarfin akwatin. Inda wuta ke hawa da sauka, sitabilaiza ko UPS na gaba da sayen sabon inji. Idan kuma lasifika tana gurnani a 50 Hz, galibi kayan ne aka jona a soket daban-daban. A mayar da su layi ɗaya, ko a bi ta akwatin DI, ɗan akwatin da ake sawa a kan wayar sauti, a danna maɓallinsa mai raba layin ƙasa. Kada a taɓa cire ƙafar ƙasa ta filogi, ita ke tsakaninka da wuta.

Haɗa injuna su tafi tare bai kai yadda ake tsoro ba. MIDI, tsarin da injunan kiɗa ke magana da juna, wanda aka fara nunawa a 1983 tsakanin sintasaiza biyu, Prophet-600 da Jupiter-6, ba ya ɗaukar sauti, umarni kawai yake kaiwa ta tashoshi 16. Inji ɗaya ne zai zama mai agogo, yana aika bugu 24 a kowane taku, sauran duk a sa su karɓi agogo daga waje. Waya daga Out zuwa In, na uku ya karɓa daga Thru. Kowane inji da tasharsa, in ba haka ba ka danna fiyano injin ganga ya amsa. Inda ake tuntuɓe: ƙananan bakin MIDI masu kama da na hedifon iri biyu ne, A da B, kuma ba sa jituwa, sannan ramin da ke bayan injunan Roland TR-808 da TB-303 na asali kamarsa ɗaya da na MIDI amma wani tsari ne daban, sai da na'urar fassara a tsakani.

FM, wanda John Chowning ya gano a jami'ar Stanford, Yamaha kuma ta yaɗa shi da DX7 a 1983, yana buƙatar wasiƙarsa. A yanzu dai ku fara da osileta biyu kawai, ɗaya tana girgiza ɗaya: rabon 1 da 1 ko 1 da 2 yana ba da murya mai tsabta, rabon da ba cikakkiyar lamba ba yana ba da ƙarar ƙararrawa. Yanka sauti ma sai gaba.

Wanda za a saya kuwa, ra'ayina shi ne inji mai murya ɗaya, mai maɓalli a fili ga kowane aiki, ba mai ɓoye komai a cikin jerin rubutu ba, kuma adaftarsa ta asali tana tare da shi. Idan na hannu ne, a kunna shi rabin awa a gaban mai sayarwa, a danna kowane madanni, a murɗa kowane maɓalli ana sauraron ƙarar ƙura, a gwada kowane rami na baya.

Ku ci gaba da turo tambayoyi, amma ku riƙa haɗawa da sunan injin da abin da aka rubuta a jikin adaftarsa. Na gaishe ku.

Ɗan'uwanku a Berlin