Sulke da kwalkwali: inda aikin fentin ƙarfe ya tsaya

Jama'a, barkanmu da aiki. Ƙananan mutum-mutumin mahayan dawakin da ake fentawa, masu tsayin milimita 28, sun iso matakin ƙarfe: sulke, kwalkwali, takubba da adon linzami. Ga yadda aka bi da su a nan Jidda.

Fentin ƙarfe shi kaɗai ba ya fitar da ƙarfe. Abin da ke cikin kwalbar ɓarɓashin alminiyam ne ko na ma'adinin maika yana yawo cikin ruwan fenti, in ka shafa ka tsaya nan, ƙyalli iri ɗaya za ka samu daga sama har ƙasa. Ɗauko dallar gahawa, wato butarta ta ƙarfe, ka ajiye kusa da taga, ka ƙura mata ido. Tumbinta na da layin haske siriri, gefensa kuma duhu ne sosai, gindin hannu da wuyanta sun kusa zama baƙi. Wannan duhun da ke maƙwabtaka da haske shi ake nema, kuma da hannu ake sa shi.

Shimfiɗar farko baƙa ce. A nan yanayinmu yake shigowa, domin fentin ƙarfe ba ya rufa wa kaushi asiri. Danshin Jidda na sa feshin gwangwani ya yi fari-fari, busasshen zafin Riyad kuma na busar da shi a iska kafin ya sauka, sai jikin ya fito kamar an barbaɗa yashi. A girgiza gwangwanin minti 2, a fesa da sassafe daga nisan santimita 20 zuwa 25. Ranar da danshi ya yi yawa, a haƙura da feshi a shafa da buroshi a cikin ɗaki.

Farin ƙarfe: Leadbelcher, fentin kamfanin Games Workshop mai launin ƙarfe (sauran sunayen fentin da ke tafe ma nasu ne), shafa biyu marasa kauri, ɗigo 2 na fenti da ɗigo 1 na ruwa. Kada ruwan ya wuce haka, ɓarɓashin zai rabu da ruwan fentin ya taru a lungu, saman ya zama toka-toka. Da ya bushe sai Nuln Oil, ruwan inuwar nan baƙi. Inda ya kwanta a kan fili, kamar saman kwalkwali, a tsotse shi nan take da buroshi mai ɗan laima, in ba haka ba ya bar zobe. A ba shi kamar minti 40. Daga nan a koma da Leadbelcher kan wuraren da suka taso kaɗai, a ja Stormhost Silver, mai launin azurfa, a kan kaifi da gefen buroshi, ba da tsininsa ba.

Sulke ba ya son wannan hanyar. A dangwalo fenti, a goge a jikin takarda har ya kusa ƙarewa, sannan a riƙa shafa busasshen buroshin daga sama zuwa ƙasa a kan baƙin. Zobban su ɗauki haske, ramukan su zauna baƙi. Ya fi komai sauƙi a duk aikin.

Takobi ne ke cin lokaci. Fuska biyu gare shi, da doro a tsakiya. A fuskar hagu duhu ya fara daga ƙota ya washe zuwa tsini, a ta dama kuma a juya. Ana gina duhun ne da Nuln Oil da aka sirka da ruwa daidai wa daida, shafa uku ko huɗu, kowace ta fi ta baya gajarta, ana jan buroshin zuwa inda ake son duhun ya taru. Ko daga nesa da tebur ido na kama wannan saɓanin.

Zinariya kuwa ba ta shiri da baƙar shimfiɗa. A fara sa ruwan ƙasa, irin Mournfang Brown, sannan Retributor Armour, mai launin zinariya. Inuwarta Reikland Fleshshade ce, da ɗan Druchii Violet a lungu mafi zurfi. Shunayya na ƙara wa rawaya armashi, baƙi kuwa dauɗa yake mayar da ita. Haske da Liberator Gold, sai ɗigon azurfa a kan kusurwa, ƙarami ƙwarai.

Maganar tsufa: baƙin ƙarfe ne ke yin tsatsa ja, tagulla da jan ƙarfe kore-shuɗi suke yi. Nihilakh Oxide, fentin da ke ba da wannan launin, kaɗan a gindin ƙusoshin garkuwa ya wadatar. Tsatsa kuma da yankin soso ake dangwala ta, ruwan ƙasa tukuna, ruwan lemo a tsakiya. A ganina ana cika wuce gona da iri a nan. Barden sarki ba ya fita da takobi mai tsatsa, sai dai a bar wa 'yan fashin daji.

A ware wa fentin ƙarfe kofin ruwansa da buroshinsa na roba mai araha, domin ɓarɓashin na cin gashin buroshi mai tsada, yana kuma bin ruwa ya shiga jar alkyabba ta kama ƙyalli. A zuba shi a kan tangaran busasshe, ɗigo ɗaya ɗaya, tunda iyakwandishan na busar da shi da wuri. Wanda zai jefa ƙwallo a kwalba don girgizawa, ya sa na gilashi ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

Saura fentin kariya. Marar sheƙi yana kashe ƙyallin ƙarfe, don haka za a shafa shi a kan tufafi da dawakai, ƙarfen kuma a ba shi mai matsakaicin sheƙi da buroshi, sannan a sake jan azurfar kan kaifin takubba. Garkuwoyin ne ke biye.