Daren da na ji Rashawa suna kiran Shaibu

Yau kwanana huɗu da dawowa Kano, amma har yanzu in zan fita sai in kama kaina ina laluben safar hannu. Ɗan yayata ne ya ja ni zuwa Rasha. Yana shekara ta huɗu a karatun likita a garin Yaroslavl, uwarsa ta matsa lallai wani ya je ya gan shi da ido, ni kuwa da ma dalili nake nema.

Labarin jirgi ba shi da daɗi, mu bar shi. Wadda ta tsaya mini a rai ita ce jami'ar shige da fice a Mosko. Ta karɓi fasfo, ta dube ni, ta dubi hoton, ta sake dubana, sai ta nuna mini wani benci da haɓa, ko uffan. Fiye da awa biyu na yi a bencin nan tare da wasu 'yan Tajikistan da su ma ba wanda ya gaya musu laifinsu. Da aka gama, turo fasfon aka yi ta ƙasan gilashi kamar ana ba almajiri sadaka da fushi. A wurinmu, ko wanda zai wahalar da kai sai ya ce maka sannu da zuwa tukuna.

Katin bankinmu ba ya aiki a can tun 2022, don haka tsabar dala na riƙe. Wurin canji suka dawo mini da takarda biyu, ɗaya don ta lanƙwashe, ɗaya don ɗan tabon biro. A Wapa da tuni an karɓa, a ɗan zaftare maka wani abu a wuce wurin. A cikin jirgin ƙasa yaron ya ɗauki takardar rubul dubu ya nuna mini hoton da ke jiki: "Kawu, ga garin da za mu." Tafiyar ba ta kai awa huɗu ba, amma kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe. La'asar da magariba a can kamar maƙwabta suke, kana sallame wannan waccan na ƙwanƙwasa ƙofa.

Ɗaki yake haya a gidan wani dattijo da matarsa. Na miƙa hannu daga bakin ƙofa, dattijon ya ƙi karɓa, ya finciko ni ciki tukuna sannan ya damƙe hannun. Ashe a wurinsu ba a gaisawa a kan dokin ƙofa. Ina cire takalmi ina saka silifas ɗin da matar ta ajiye mini, sai na ji ya ce "Sannu!" Na ɗago da sauri. Ashe yana cikin injiniyoyin Tarayyar Sobiyet da suka yi aiki a kamfanin ƙarfe na Ajakuta a farkon shekarun 1980, har Kaduna ya taɓa zuwa. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba, amma ya riƙe su shekara arba'in. Ya tambaye ni ko kamfanin na aiki yanzu. Na kurɓi shayi.

Shi ne ya dage sai ya kai mu kallon ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, wadda suke kira hoki, ya kuma hana ni biyan ko sisi. Da na matsa wa yaron ya gaya mini kuɗin tikitin, sai na ga bai kai abin da muka kashe a kan shinkafar Uzbekawa kwano biyu a Mosko ba. Direban tasin da ya kai mu, da ya ji Najeriya, sai ya buga sitiyari ya ce "Musa!" Ahmed Musa yake nufi, shekarun da ya yi a kulob ɗin CSKA na Mosko ba su manta ba.

Filin, Arena 2000, gidan kulob ɗin Lokomotiv ne. Kafin mu shiga dattijon ya cire hularsa cikin sanyin nan ya yi shiru. Ranar 7 ga Satumba, 2011, jirgin da ya ɗauko 'yan wasan kulob ɗin zuwa Minsk ya faɗi jim kaɗan bayan tashi, mutum 44 suka rasu. Daga tushe aka sake gina kulob ɗin, sai a 2025 suka ɗauki Kofin Gagarin, kofin babbar gasar hoki ta Rasha, a karon farko.

Minti goma na farko ban ga ƙwallon ba sam. Wani ɗan baƙin faifai ne na roba mai tauri, bai kai tafin hannu ba, ƙararsa kawai nake ji in ya daki katangar fili, ƙau! kamar an jefi ƙyauren langa-langa. Mutum biyar-biyar ne da gola, zango uku na minti ashirin-ashirin. In ban da gola, da wuya wani ya cika minti ɗaya a ciki, sai ka ga sun tsallake katanga wasu sun faɗo, wasa bai tsaya ba. Wanda ya yi ƙeta a kai shi wani ɗan keji ya zauna minti biyu, abokansa su yi ta fama da mutum huɗu. Wannan dokar ta burge ni, da za a kawo mana ita filin Sani Abacha da an huta da rigima.

Ana cikin haka sai filin gaba ɗaya ya ɗauka: "Shaibu! Shaibu! Shaibu!" Wallahi sai da na waiga. Na ce wa yaron, wane Shu'aibun ne ya yi suna haka a ƙasar nan ba mu da labari? Ya yi dariya har da hawaye. Faifan nan sunansa shaiba a harshensu, in suna son a zura a raga sai su yi ta kiran "shaibu". Daga nan na saki jiki, ni ma na shiga kiran Shaibu da iyakar muryata.

Dattijon kuwa tsaki yake ta yi, alhali nasu ne ke kan gaba. Duk lokacin da ɗan wasa ya iso tsakiyar fili ya wurga faifan can lungu, abokansa suka bi a guje aka haɗu ana murƙushe juna a jikin katanga, sai ya ɗaga hannu sama ya faɗi wata kalma. Yaron ya ce cewa yake, "Kanada!"

Sai da muka koma gida na gane. Matar ta kawo shayi da wani ɗanɗanon 'ya'yan itace da ta dafa da sukari tun bazara, da burodi mai kifi a ciki. Ya ɗauko kwalbar giya, na ce a'a, bai ja ba ya mayar. Sai ya ture kofuna gefe, ya jera ƙwayar sukari biyar a kan tebur, ya ce in duba.

Ya ce su ba su san wannan wasan ba sai 1946. Abin da suka gada shi ne hoki na ƙwallo, wanda ake yi a kan ƙanƙara mai faɗin filin ƙwallon ƙafa, mutum goma sha ɗaya-ɗaya. A irin wannan fili ba ka kai ko'ina kai kaɗai, dole ka miƙa wa ɗan'uwanka. Mutanen farko daga can suka zo, irin su Vsevolod Bobrov da ya buga wa ƙasar ƙwallon ƙafa ya kuma buga mata hoki. Kocinsu Anatoly Tarasov bai kwaikwayi Kanada, mahaifar wasan, ba. Filayen ƙanƙara na cikin ɗaki ba su da yawa a lokacin, sai ya riƙa horar da su a kan tsandauri, da tsalle-tsalle da ɗaukar juna a kafaɗa. Shekara takwas kacal da farawa, a 1954, suka je gasar duniya a karon farko suka lallasa Kanada 7 da 2, a 1956 suka ɗauki zinaren Olamfik.

Yana magana yatsunsa na juya sukarin. Wannan ya ratsa ta bayan wancan, na baya ya zama na gaba, na gaba ya koma baya. Ya sa cokali ya tare hanya. Na ɗauka zai kutsa, sai ya ja sukarin duka biyar baya, ya sake faro saƙar daga gida. "Faifan namu ne, don me za mu jefar da shi mu bi shi da gudu?" in ji shi. Ya ce wanda ba ya riƙe da faifan shi ne mai yanke shawara, domin inda ya nufa can za a aika.

Ya sa yaron ya nemo tsohon bidiyon 1972 a waya, lokacin da suka kara wasa takwas da ƙwararrun Kanada. A wasan farko a birnin Montreal na Kanada an ɗauka za a yi musu cin kaca, sai suka ci 7 da 3. Ya nuna mini mai lamba 17, Valeri Kharlamov, ɗan ƙaramin mutum yana yanka ƙarti kamar turaku. A wasa na shida ɗan wasan Kanada Bobby Clarke ya sare shi da sanda a idon sahu, Kanada kuma ta ci wasan ƙarshe saura daƙiƙa 34. Shekara hamsin da ɗoriya, amma da ya zo kan saran nan sai da muryarsa ta canza. Ya huce da 1981, ranar da suka zuba wa Kanada 8 da 1 a gidanta. Faɗuwarsu a hannun ɗaliban Amurka a 1980 kuwa, ni na tayar da ita don yaron ya taɓa ba ni labari, ya ce shayina zai huce.

Matar ce ta ɓata masa lissafi. Tana kwashe kwanuka ta jefo magana, yaron ya fassara: "A tambayi matansu." A zamanin koci Viktor Tikhonov, 'yan wasan CSKA, kulob ɗin soja, a sansani suke kwana kusan wata goma sha ɗaya a shekara, da aurensu da 'ya'yansu. Duk yaron da ya yi fice a wani gari, sai a kira shi aikin soja ya tsinci kansa a CSKA, shi ya sa suka ɗauki kofin ƙasar sau 13 a jere daga 1977 zuwa 1989. Saƙar da dattijon ke yi da sukari, mutum biyar ne da suka shekara da shekaru suna ci tare suna kwana tare ba da son ransu ba: Larionov, Krutov, Makarov, Fetisov da Kasatonov. Larionov da kansa ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a 1988 yana kukan wannan rayuwa. A 1989 wani matashin ɗan wasa mai suna Mogilny ya gudu daga tawagar a Suwidin ya nufi Amurka, a shekarar aka fara sakin manyan, da Tarayyar ta rushe kuwa sai kowa ya kama gabansa. Abin dariya, inda aka sake ganin saƙar nan da kyau a Detroit ta Amurka ne, da wani koci ɗan Kanada ya haɗa Rashawa biyar wuri ɗaya suka ɗauki Kofin Stanley, kofin NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, a 1997. A gida kuwa, a 2000 suka tara taurarinsu a gasar duniya a San Fitasbag suka ƙare na 11.

Na ce masa ai wannan labarin na san shi. Mu ma duk yaron da ya iya taɓa ƙwallo a unguwa, kafin ka gama sanin sunansa ya tafi Turai, sai dai ka gan shi a gidan kallo.

Jikansa, wani ɗan shekara sha shida da ya shigo cin abinci, bai yarda da kakan ba ko kaɗan. Ya ce yaushe Rasha ta taɓa samun gwanaye kamar yanzu? Ovechkin ya karya tarihin yawan cin ƙwallo a NHL da ɗan Kanada Gretzky ya kafa, ranar 6 ga Afrilu, 2025 da ƙwallo ta 895, golan da ya zura wa ma Barashe ne. Ga Kucherov, ga Kaprizov. Kakan ya ce duk a gonar wani suke noma. Gasar gida, KHL, tun 2008 ake zuba mata kuɗi, amma an rage faɗin filaye daga mita 30 zuwa 28 ko 26 irin na Amurka, fili ya matse, ba wurin saƙa sai karo da gudu. Har koci ɗan Kanada, Bob Hartley, ya zo ya ɗauki kofinsu da kulob ɗin Avangard a 2021. Jikan ya ce to zinaren Olamfik na 2018 fa? Kakan ya ce wanda 'yan NHL ba su je ba, Jamus ma ta kusa ƙwace shi? A Sochi a 2014, da kowa ya zo da gwanayensa, Finlan ce ta kore su a gabansu.

Ni dai da na kalli biyun a dare ɗaya, na tsohon bidiyon ya fi daɗin ido nesa ba kusa ba. Amma mutanen ciki suna da sarari da lokacin tunani. Waɗanda na gani a fili sun fi su sauri da girma, kafin ka ɗaga kai an manna ka da katanga. Ban faɗa wa dattijon ba, ina cin burodinsa. Abu ɗaya da shi da jikan suka yi shiru a kai tare: tun 2022 an hana Rasha shiga gasannin duniya, don haka musun nasu ba filin da za a je a raba shi.

Sauran kwanakin sun wuce da sauri. Na ga Kogin Volga a daskare, mutane zaune a kansa sun huda rami suna kamun kifi, aka ce in taka na ce na gode. Na yi Juma'a a babban masallacin Mosko, sahu har kan titi cikin dusar ƙanƙara. A kasuwar Izmailovo na taya hular gashi rabin kuɗi, mai kayan ya ɓata rai, na juya zan tafi ya kira ni, ashe ko'ina haka ne.

Ranar da zan taho dattijon ya cusa mini wani tsohon faifan shaiba a aljihun kwat, duk gefensa ya ciccije, ya ce "na gode" alhali ni ya kamata in faɗa. Da na zazzage jaka a gida uwargida ta ɗauka ta shinshina, ta ce wannan wane irin sabulun salo ne ba ƙamshi. Shu'aibun maƙwabtanmu kuwa, tun da na ba shi labari, kullum sai ya aiko a tambaya ko da gaske nake.