Wasiƙa daga Amurka: ɗan ƙarfen da ya ƙi motsi

'Yan'uwa, assalamu alaikum. Lafiya ƙalau muke, sai sanyi. Tun da na ce na fara zuwa filin koyon harbi kuka dame ni da tambaya, to ga labari.

Sayen ƙaramar bindiga a shago a nan sai ka cike fom mai lamba 4473, a binciki sunanka a kundin FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, kafin a miƙa maka. Na ɗauka wahalar ke nan. Ashe tana gaba.

Ƙarafunan saitin da ke saman bindigar ba na ganinsu sosai da yamma, sai na sayo masu haske a duhu, irin masu sinadarin tiritiyam, wanda haskensa ke raguwa da rabi bayan shekara 12 da 'yan kai. Na ce sauya su aikin minti goma ne. Na zare gidan harsashi, na leƙa ciki har sau biyu na tabbatar babu komai, na cire murfin sama na ɗaure shi a matsi bisa tebur, na nannaɗe shi da tef. Ƙarfen saitin gaba bai yi gardama ba, ɗan sukuru ɗaya ne. Na baya kuwa, a cikin wata tsaga mai kama da wutsiyar tattabara aka cusa shi, kamar an haife shi a wurin. Na ɗiga mai, na jira. Na kafa sandar tagulla na buga da guduma, ko gezau. Garejin babu dumi, yatsuna sun ƙage. A bugu na nawa ne ma, sandar ta zame ta karce murfin. Har yanzu in na ga tabon sai raina ya sosu.

Wani dattijo a filin harbi ne ya ara mini na'urar turawa, mai murɗi, tana ture ƙarfen a hankali. Ya ce in na kuskura na sa wa sabon ƙarfen guduma, 'yar kwalbar tiritiyam da ke ciki za ta iya fashewa, hasken ya tafi. Murɗi uku, sai na ji ƙas!

Mai son kwaikwayo ya fara duba abin da dokar ƙasarsa ta ce, don ba ko'ina ake barin mutum ya ajiye irin wannan bindiga ba. Batun lasisin yawo da ita da kuka tambaya kuma, sai wata wasiƙar. Asabar zan koma fili, harsashin yana karkata hagu, sai na tura ƙarfen saitin baya zuwa dama kaɗan.

Naku a kullum.